Baba Sannu Ya Raba Lodi

Sunan ya fito ne daga rubutun bayan motarsa: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan tirela, kuma a tsawon wannan zamani ba a samu wanda ya shaida ya ga Baba Sannu ya wuce wata mota ba, sai fa wadda ta lalace a gefen titi. Abokan aikinsa kan ce in ka ba shi lodin ɗanyen tumatir, busasshe zai sauke maka. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake su masu gudun ina suka je da bai je ba, in ka cire asibiti.

Gajere ne mai tumbi, hannunsa ɗaya ya fi ɗaya baƙi saboda jingina da taga, kuma har yau in zai zauna a kujera sai ya ɗan ɗaga ƙafa kamar mai hawa kan mota. Yana da sauƙin kai a komai ban da abu guda, wato lodi. A kan lodi ya sha ɓatawa da 'yan dako, ya sha sa a sauke mota cike fal a sake jerawa don ya hango gefe ɗaya ya ɗan rinjayi ɗaya. A ganinsa duk wata masifa ta duniya daga karkacewar kaya take farawa. Ko a gida, in jikoki suka taru a gefe ɗaya na doguwar kujera, sai ya ɗauki guda ya mayar can ƙarshe sannan hankalinsa ya kwanta.

Akwai wani alkawari tsakaninsa da matarsa, wadda kowa a gidan, har shi, ke kira Inna. Suna sabon aure ya yi tafiyarsa ta farko zuwa tashar jiragen ruwa, ya dawo yana ba ta labarin wani ruwa da ba shi da ƙetare. Ta ce ya kai ta ta gani. Ya ce zuwa na gaba. A zuwa na gaba kamfani ya hana ɗaukar fasinja. Wanda ya biyo baya tana da ciki, na bayansa tana goyo, daga nan makarantar yara, daga nan auren yaran. Tun tana tuna masa har ta mayar da abin karin maganar gida. Duk abin da aka san ba za a yi ba, gyaran famfo ne ko mayar wa maƙwabta tsaninsu, sai Inna ta ce, "Sai ranar zuwa teku." Yara suka tashi da kalmar a bakinsu, wasunsu ba su ma san asalinta ba. Baba Sannu yakan taya su dariya, amma dariyar ba ta taɓa wuce masa haƙori ba.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Ya je sabunta lasisi, aka nuna masa allon haruffa, ya karanta manyan da murya mai ƙarfi, ƙananan kuma ya yi ta cinka har likitar ta ji kunya a madadinsa. Ya dawo gida ya zauna. A shekarun nan kuma gwiwoyin Inna suka ƙi, likita ya hana ta doguwar tafiya a zaune. Maganar teku ta mutu ba tare da kowa ya yi mata jana'iza ba.

Zaman gida bai karɓi Baba Sannu ba. Ya zama annoba a layin. Duk maƙwabcin da zai fito da mota da baya sai ya tarar da shi tsaye yana kaɗa hannu, yana "taho, taho, yanke," ko da kuwa filin zai ɗauki jirgin sama. Wani malamin makaranta har ya koma ajiye motarsa a bayan layi don ya huta.

'Yarsu Auta ce ta kawo magani, kuma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mijinta yana da wata kwamfuta ta tafi-da-gidanka, ba irin ta 'yan ofis ba, irin ta 'yan gem masu wasa a kwamfuta, baƙa mai nauyi, madannanta na canza launi, fankokinta biyu in sun tashi sai ka ce injin niƙa. A kanta yake wuni jariri na kuka a gefensa. Auta ta tattara kwamfutar da sitiyarin da ake ɗaurawa a bakin tebur da abin takawa na ƙasa, ta sa mijin ya ɗauko da hannunsa, suka dire a teburin cin abincin Inna. A ciki akwai gem ɗin tuƙin babbar mota: ka ɗauki kaya a wannan gari ka kai wancan.

Baba Sannu ya ce shi ba yaro ba ne. Ya zauna nesa yana kallo ta gefen ido, surukin nasa na gwada masa yadda ake yi. Da aka zo shiga da baya a wurin sauke kaya, yaron ya naɗe tirelar, ya goga ta da katanga, ya ja gaba ya sake gogawa. Baba Sannu ya jure na farko, ya jure na biyu. A na uku ya miƙe ya ce, "Tashi."

Tun daga ranar maƙwabta suka samu lafiya. Da hantsi yake sa hula, ya cika filas da shayi marar suga, ya matso da allon daf da fuskarsa inda idonsa ke gani tar, ya tashi mota. Yana ba da sigina ko babu kowa a titi. Yana tsayawa a kowace jar wuta. Har a cikin kwamfutar ana ƙorafin ya kawo kaya a makare, abin da ya tabbatar wa iyalinsa cewa na'urar tana da hankali. A hankali ya tashi daga direban haya ya mallaki tasa, ya yi mata shuɗin fenti irin na tsohuwar tirelarsa. In Inna ta gitta ta gaban tebur da tire sai ya danna mata hon.

Wata Laraba surukin ya turo masa bidiyo a waya. An fitar da sabbin hanyoyi na gem ɗin, kuma ɗaya daga ciki tana gangarawa har bakin teku. Baba Sannu ya kalli bidiyon: hawa, kwana, sai ga ruwa. Ya sake kallo. Ya ji wani abu ya taso masa daga ciki kamar yaron da aka ce gobe babu makaranta. Bai tsaya neman takalmi ba ya faɗa kicin.

"Inna, ki shirya. Asabar za mu teku."

Ba ta juyo daga wanke-wanke ba. "Wace Asabar ɗin a ciki?"

Ya yi mata bayani yana haɗa kalmomi, yana tura mata wayar a fuska. Ta goge hannu, ta karɓa, ta kalla har ƙarshe. Ya zaci za ta yi dariya, ta kuwa yi. Amma da ta gama sai ta ce ta yarda, da sharaɗi guda: in wannan Asabar ta bi sawun 'yan uwanta, kada ya ƙara ambata mata teku har ƙasa ta rufe idon ɗayansu. Da murmushi ta faɗa. Shi da ya zauna da ita tun suna da baƙin gashi ya san ba wasa take yi ba.

Ya koma tebur ya danna a sauko masa da sabbin hanyoyin, kwamfuta ta ce babu wuri. Ya buɗe inda ake ganin ma'ajiyarta, ya tarar da zanen ya yi ja ya cika har baki. Rabi gem ne, rabi kuma bidiyon jikoki da Auta ke loda wa Inna don ta kalla a babban allo: wannan na rarrafe, wancan na tofar da magani. Goge ko guda daga cikinsu daidai yake da tattara kaya a bar gidan. Ya kira surukin. Yaron ya ce abu mai sauƙi ne, a cikin kwamfutar akwai gurbi guda da babu komai, sai a sayo ma'ajiya ta biyu a saka. Shi ya yi tafiyar aiki, amma in ya dawo sati mai zuwa zai saka masa. Baba Sannu ya ji "sati mai zuwa" ya gane muryar wa ke ciki. Tasa ce. Ya kashe wayar ya nemi takalmi.

Shagon da ya nufa yana saman bene a kasuwar 'yan waya. Matar da ke sayarwa ta tambayi samfurin kwamfutar, ya nuna mata hoton takardar da ke manne a ƙarƙashinta, ta shiga ciki ta fito da wani ɗan kwali. Da ta buɗe ransa ya ɓaci. Abin bai wuce tsawon cingam ba, siriri, ba nauyi. Ya tambaye ta, cikin ladabi dai, tan nawa wannan zai ɗauka. Ta ce ninkin abin da ta ciki ke ɗauka. Ya jinjina shi a tafin hannu ya ce duniya ta zo ƙarshe. Ta ce ya kawo kwamfutar su saka masa, ba wani aiki ba ne. Ya ce direban da ba ya iya canza tayarsa fasinja ne.

A hanyar gida ya biya wa Sifana. Sifana bakanike ne, dogo, kunnensa ɗaya ya daɗe da ajiye aiki, kuma babu notin da ke jikin tsohuwar tirelar Baba Sannu da bai taɓa kwancewa ba. Shi ma yanzu zaman benci yake a garejin ɗansa yana kushe aikin yara. Da ya ji za a buɗe inji, bai tambayi wane iri ba.

Ya iso da hantsin Juma'a ɗauke da akwatin ƙarfe, ya dire shi a tsakar ɗaki har kofuna suka yi ƙara. Ya buɗe, suka duba, mafi ƙanƙantar sukundireba a ciki ta fi kan notin kwamfutar kauri sau nawa. Inna ta tsaya a ƙofa tana kallonsu, ta tafi ta ɗauko 'yar ƙaramar ta keken ɗinkinta ta ajiye musu.

Aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka kifa kwamfuta a kai, aka jingina waya da gwangwanin madara tana nuna bidiyon wani saurayi mai yin irin aikin. Sifana ya karɓo kwalin ƙwai daga kicin, duk notin da ya fito sai ya sa shi a raminsa daidai da inda aka ciro shi. Nan kam babu mai koya masa. Da notuna suka ƙare murfin ya ƙi tashi. Saurayin bidiyo ya ce a zura wani abu siriri a bi gefe. Suka zura tsohon katin asibitin Baba Sannu. Murfin ya ce ƙas, su biyun suka daskare, kowa na jiran ɗan uwansa ya fara cewa ba shi ba ne. Ashe haka yake yi. Suka bi shi ƙas, ƙas, ƙas har ya buɗe, suna dariya ƙasa-ƙasa kamar ɓarayin mangwaro.

Sifana ya sunkuya ya shinshina cikin. Ya ce injin lafiya lau, sai dai ƙura a fanka, ya hure ta a fuskar abokinsa. Kafin saurayin bidiyo ya buɗe baki Sifana ya riga ya nuna batir ya ce a cire kansa tukuna, don wuta ba ta san tsoho ba. Suka samu gurbin kusa da fanka, wani ɗan baki siriri da ramin noti a gabansa.

Nan matsala ta fito. Sifana yana gani sarai amma yatsunsa kowanne ya kai kaurin taɓarya, in ya kama abin sai ya rufe gurbin gaba ɗaya. Baba Sannu yana da yatsu amma ƙananan abubuwa hazo suke zame masa. Suka dubi juna. Sai Sifana ya koma gefen tebur ya tsaya, ya ɗaga hannu, Baba Sannu ya riƙe ma'ajiyar a karkace yadda aka nuna.

"Taho. Taho. Ɗan yanke hagu. Ya yi yawa, saki. Taho a hankali. Tsaya nan."

Ta shige. Baba Sannu ya danna bayanta ta kwanta, ya ɗauko ɗan notin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, notin ya zame ya faɗi ƙasa ya yi tafiyarsa. Inna ta shigo ta tarar da dattawa biyu a ƙarƙashin teburinta suna rarrafe, ɗaya na haska waya ɗaya na shafa tayil. Ta ce jikokin cikin kwamfuta ma sun fi su iyawa. Ta ɗauko maganaɗisun da take tsince allurai da shi, ta zagaya ƙafar tebur sau ɗaya, ta miƙa musu notinsu.

Aka ɗaure, aka mayar da batir, aka rufe. Ba noti ko ɗaya da ya yi saura a kwalin ƙwai, abin da Sifana ya ce bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara sana'a. Aka kunna. Madannai suka kawo launi, fanka ta tashi. Amma da aka duba, ma'ajiya ɗaya ce dai, ja, cike. Sifana ya ba da shawarar a ɗan buga gefen. Baba Sannu ya kira Auta. Ta ce sabuwa ba ta fitowa sai an yi mata rajista, ta bi da shi danna nan, danna can, tana maimaita masa ya zaɓi wadda babu komai a ciki, kada ya kuskura ya taɓa tsohuwar. Ya bi a hankali, wanda dama shi ne gwaninsa. Sai ga ta ta fito kusa da 'yar uwarta, doguwa, fayau.

Abin da dattawan nan suka yi bai dace da shekarunsu ba. Sun tafa, sun rungume juna, Sifana ya taka rawa da sukundireba a hannu, Baba Sannu ya kama sitiyari yana danna hon ko gem ɗin bai buɗe ba. Farin ciki ne tsantsa, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya fara fita da mota shi kaɗai. Da a nan suka tsaya da an yi Juma'a lafiya.

Amma da ya zauna yana share gumi sai idonsa ya koma kan zane biyun nan. Ɗaya ja, cike har baki. Ɗaya babu ko tsinke. Ya kawar da kai, ya sake dubawa. Lodi dai ya karkace. Ya nuna wa Sifana. Sifana ya leƙa ya girgiza kai ya ce wannan ko kwanar farko ba za ta sha ba za ta kife.

Suka duƙufa. Baba Sannu ya buɗe jakunkunan da ke cikin tsohuwar ma'ajiya ɗaya bayan ɗaya, yana duba nauyin kowane kaya, yana yankowa yana kaiwa sabuwar. Babba nan, babba can, ƙanana a cike gurbi. Ya shiga jakar gem ɗin kanta ya raba ta biyu. Ya raba jikoki, wasu hagu wasu dama. Wasu kayan kwamfutar ta hana a taɓa, ya ce ko a tasha akwai masu taurin kai, ya bar su. Sunayen duk ba su dame shi ba, don mai lodi nauyi yake dubawa. La'asar na yi zane biyun suka tsaya kai ɗaya, shuɗi da shuɗi. Ya ja baya yana kallonsu kamar ya gama jera buhunan siminti.

Ya danna gem don ya sauko da hanyar teku. Wani ɗan akwati ya fito da jar alama. Ya rufe ya sake dannawa, akwatin ya dawo. Sifana ya tuna cewa ɗansa na nemansa a gareji, ya ɗauki akwatin ƙarfensa.

Baba Sannu ya sake kiran Auta. Da ta gane abin da ya faru, dariya ta kama ta har wayar ta faɗi, ana jiyo ta daga nesa tana haki. Ta haɗa da mijinta. Shi ya yi ƙoƙarin riƙe tasa don kunyar suruki, ya yi bayanin cewa gem kamar inji yake, ba a ajiye rabinsa a wata mota. Ya tambayi Baba ko zai iya tuna me ya ɗauko daga ina. Baba Sannu ya ce shi nauyi ya duba, ba suna ba. Garin gyaran gira an rasa ido. Shawara ta tsaya a kan a goge gem ɗin a sauko da shi sabo cikin sabuwar ma'ajiya, tare da sabbin hanyoyin. Jikoki suna nan lafiya, sun dai watse ne, za a tattaro su. Baba Sannu ya tambayi shuɗiyar motarsa. Yaron ya ce sai dai a gani. Ya tambayi yaushe za a gama saukowa. Yaron ya ce wannan kuma sai yadda sabis ya ga dama.

Zanen saukowa ya fara tafiya, kuma a karon farko a rayuwarsa Baba Sannu ya ga abin da ya fi shi nawa. Ya zauna yana kallonsa yana roƙonsa a zuci. Inna duk ta ji abin da aka yi, ɗakin ba wani girma gare shi ba. Ba ta yi masa tsiya ba, ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗauko dutsen guga tana goge kayan fitarta, kuma wannan ya fi tsiyar tsorata shi.

Gari ya waye Asabar zanen bai kai ƙarshe ba. Yana zaune a gabansa da hula a kai Inna ta fito. Ta sa kayan da take zuwa biki da su, da takalmin fita, jaka a kafaɗa, filas a hannu, biredi a leda, ƙamshin turare na biye da ita. Ta ja kujera ta ajiye a gefen tasa, ta ɗora ƙafafu a kan matashi saboda gwiwa. Ta ce ta shirya.

Kunya ta rufe Baba Sannu. Kalmar da zai faɗa, "zuwa na gaba", ya san ta, ya faɗe ta sau ba adadi a ƙofar gidan nan da jaka a hannu, amma yau ta ƙi fitowa. Da ƙyar ya ce motar ba ta gama lodi ba.

"To ni kake gaya wa jira?" Ta buɗe filas ta zuba masa shayi. "Sha. Yau dai tare za mu yi shi."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon zanen yana rarrafe. Ta gutsura biredi ta miƙa masa. Ta ba shi labarin yadda a da take gane kukan motarsa tun daga kan kwana, da yadda wata rana ta fito da gudu da ludayi a hannu ashe motar shara ce. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Bai taɓa jin labarin ba. Rana ta ɗaga, sabis ya ɗauke ya dawo, zanen ya yi tsalle guda kamar an tsikare shi, ya cika.

Gem ya buɗe. Shuɗiyar mota babu ita. Aka tarbe shi a matsayin sabon direba, aka ba shi wata farar ta haya da lodin katifu. Ya kalli allon idonsa ya kawo ruwa. Inna ta ce wadda ya fara da ita ma ai ta haya ce, kuma ko ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, ya tashi mota rana na yi. Ya gyara zama, ya duba madubi, ya tashe ta.

Ashe Inna muguwar fasinja ce. A kwanar farko ta riƙe bakin tebur da hannu biyu tana salati. Da wata ƙaramar mota ta sha gabansu ta zage ta tas ta ce ya danna mata hon. Ta tambayi sunan kowane gari, ta yaba wata gada, ta ce gonakin nan ba a nome su da kyau ba. Da motoci suka yi ta wuce su ɗaya bayan ɗaya, har da wata mai jan katako, ta juyo ta dube shi ta ce ashe gaskiya abokansa ke faɗa. Sifana ya leƙo ta taga ya zo jin yadda aka kwana, ya ga tafiya ta yi nisa ya nemi a rage masa hanya. Inna ta ce ya yi haƙuri, kamfani ya hana ɗaukar fasinja. Baba Sannu ya yi ta ƙyaƙyatawa har ya kusa hawa gefen titi.

Daga baya garuruwa suka ƙare. Hanya ta miƙe ɗoɗar, ba gida ba mutum, sai itatuwa da turakun lantarki. Ruwan sama ya sauko a allon, ya kunna abin share gilashi, yana kai yana komowa. Inna ta saki bakin tebur. An jima ta tambaye shi, a hankali, ko haka yake tafiya shi kaɗai duk shekarun nan. Ya ce haka. Ta gyara mayafi ta ci gaba da kallon titi.

Ruwan ya ɗauke. Motar ta kama hawa, ya sauke giya, injin na nishi, fankokin kwamfuta na taya shi. Ya san wurin daga bidiyo. Ya ba da sigina, ya sha kwanar. Sai ga tekun, daga wannan gefen allo zuwa wancan, yana ƙyalli. Ya samu fili a gefen hanya ya tsaya, ya ja birki, ya kashe mota. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwan tana fitowa daga 'yan ƙananan lasifikokin.

Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta daɗe tana kallo. "Ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "Ba shi da ƙetare."

Baba Sannu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya cire hula ya mayar, ya ce akwai wata hanya da ke bin gaɓa, akwai tashar jirage a gaba, in kuma ta gaji sai a kashe a nan ta miƙe ƙafa, gobe ma rana ce. Ta girgiza kai, idonta na kan ruwan.

"Juya mu koma. Ni kullum a bakin ƙofa nake ana dawo mini. Ina so in ga yadda gida yake in mutum ya nufo shi."

Baba Sannu ya mayar da hannu kan sitiyari. Ya tashi mota, ya duba madubi duk da ba kowa a bayansa, ya ba da sigina ya juya kanta.